Da Baki ko a Rubuce: Gwajin Shirin Mai Barin Giya

Darasinmu na wannan wata domin katikis ne, da shugabannin zumunta, da duk mai tallafa wa ɗan'uwan da ya ƙudura barin giya. Ta yaya za a gane ya shirya wa ranar jarraba?

A shekarar 1978 masana uku a Amurka, Chaney da O'Leary da Marlatt, suka wallafa wani bincike a kan masu jinyar shan giya. Ana kunna wa mutum kaset mai kwatanta halin da yakan jawo sha, kamar matsin abokai ko ɓacin zuciya, sai ya faɗi abin da zai yi. Ana duba ko ya ƙi, ko ya ambaci wata mafita takamaimai, da kuma tsawon shirun da ya yi kafin ya buɗe baki. Bayan shekara guda aka ga masu jinkirin amsa sun fi komawa sha.

Ana iya ba da irin waɗannan tambayoyi a takarda. Wannan ya fi sauƙi, mutum ashirin za su amsa a zama ɗaya, kuma mai kunya yakan rubuta abin da bakinsa ba zai furta a gaban Fada ba. Amma takarda ba ta nuna shirun nan. Mai rubutu yana da lokacin tunani, ya goge ya gyara, alhali tsohon abokin da ya miƙo masa ƙwaryar burukutu ran kasuwa ba zai jira shi ba. Ga kuma dattawanmu da ba su yi makaranta ba: gajeriyar amsarsu a takarda ba ta nufin ba su da dabara.

Saboda haka a ganinmu gwajin baki shi ne kan gaba, takarda ta biyo baya. Sai dai shi ma da sharaɗi, domin mutum yakan gaya wa babba abin da babban yake so ya ji. Gara tsaransa ya tsaya a matsayin abokin, ya matsa masa da zolaya da magiya, cikin harshen da suke hira da shi a mashaya. In ya yi in-ina, a maimaita a mako mai zuwa, ba tare da tsawa ba.

Wanda ya daɗe yana sha kullum kada ya yanke farat ɗaya sai da likita, gama hakan na iya kawo rawar jiki, ruɗewa, har da farfaɗiya mai kisa.