Yadda Ake Kula da Difarenshal na Motar Tsere Mai Rimot

Difarenshal shi ne akwatin giya da ke barin tayar waje ta fi ta ciki gudu idan mota ta sha kwana. Motar tsere mai rimot ta ƙasa, mai girman 1/8, tana da guda uku: gaba, tsakiya da baya. Kowanne ana cika shi da man silikon, kuma kaurin man ne ke saita halin motar.

Ana auna kaurin da cSt. Masu tsere da yawa kan fara da 7,000 a gaba, 7,000 a tsakiya, 3,000 a baya. Mai kauri a gaba yana jan motar da ƙarfi wajen fita daga kwana, amma tana wuyar shiga. Mai ruwa-ruwa a baya yana rage santsi a kan yashi irin na bakin tafkin Kainji. A riƙa canza guda ɗaya a lokaci guda, a gwada, don a san abin da ya yi tasiri.

Wajen gyara:
1. A kwance shi, a zubar da tsohon mai, a goge giyoyin.
2. A duba haƙoransu da zoben roba. Wanda ya tsage a canza shi.
3. A zuba mai har ya rufe giyoyin, a juya a hankali iska ta fita.
4. A ɗaure sukurori a gicciye.

Ƙurar hunturu idan ta shiga ta zoben da ya lalace, tana cinye giya. Ga mai mota a Shanga ko Yauri, sabuwar giya sai an yi odarta daga nesa, don haka da an ga mai yana ɗiga, a buɗe.