Wa'adi da Zango a Doguwar Tafiyar Keke

A zamanin da, in rana ta faɗi akan rufe ƙofofin ganuwar Zariya, falken da ya makara kuwa sai ya kwana a bayan Ƙofar Doka. Irin wannan ƙa'ida ce ke tafiyar da hawan keke daga Faris zuwa Birest da komowa, wanda aka soma a Faransa cikin 1891. Tafiyar kilomita 1,200 ce, wa'adinta a yau awa 90. Sai dai kowane zango yana da nasa lokacin rufewa, a nan ne ake buga wa mahayi hatimi a katinsa. A da, wanda barci ya kwashe har aka rufe zango guda, to, ko da ya ƙarasa cikin wa'adi, ana iya soke tafiyarsa ɗungum.