Laccar Baƙo da Asirin Gane Hanya



A manyan jami'o'i inda ake binciken ƙwaƙwalwa da tunani, kamar jami'ar UCL ta birnin Landan, akwai wata al'ada. Lokacin karatu, mako mako sai a gayyato wani masani daga wata jami'a ya zo ya yi lacca. Yakan yi wajen awa guda yana bayanin abin da ya gano, sa'an nan malamai da ɗalibai su yi masa tambayoyi, ba sani ba sabo. In hujjarsa na da rauni, nan za a gani.

To, me ya sa sai baƙo? Dalili shi ne ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya wajen miliyan dubu 86, ba wanda zai san aikinsu shi kaɗai. Likita yana duban majinyaci, wani yana gwaji da ɓera, wani kuwa lissafi ne aikinsa. Sai an haɗu ake gane cewa abu guda ake nema. Bari mu kawo misali.

Can cikin ƙwaƙwalwa, daura da kunne, akwai wani ɗan sashe lanƙwasasshe, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ana ce da shi hifokamfas. A 1953, a Amurka, likita William Scoville ya yanke yawancin wannan sashe daga kan wani saurayi, Henry Molaison, don maganin farfaɗiya. Ciwon ya ragu, amma daga ranar saurayin nan bai ƙara riƙe sabon labari ba. Malama Brenda Milner ta Kanada ta yi shekaru tana gwada shi, kullum kuwa kamar bai taɓa ganinta ba.

A 1971, a Landan, John O'Keefe ya sa 'yan wayoyi cikin hifokamfas na ɓera. Ya tarar akwai ƙwayar da ba ta motsi sai ɓeran ya isa wani lungu, wata kuma sai ya isa wani dabam. Watau ɓera yana ɗauke da taswira a ka. A shekarar 2000 kuma Eleanor Maguire ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwar direbobin tasi na Landan, waɗanda sai sun haddace dubban tituna kafin a ba su lasin. Ta ga bayan hifokamfas nasu ya fi na sauran mutane girma, wanda ya fi daɗewa yana tuƙi kuwa nasa ya fi. A 2014 aka ba O'Keefe lambar Nobel, tare da May-Britt Moser da Edvard Moser na Norway.

Da aka jera binciken nan, aka gane sashen da ke riƙe abin da ya faru jiya shi ne ke nuna wa mutum hanyar gida. Yana kuwa cikin wuraren da cutar mantuwa, wadda ake kira Alzheimer, take fara ci. Saboda haka in tsohon gidanku ya soma ɓacewa a unguwar da ya sani tun yana yaro, kada a ce rikicin tsufa ne kurum, a kai shi asibiti a duba.

Ku kuma ɗalibanmu da ke karatu a ƙasashen waje, in kun ga sanarwar irin wannan lacca ku je, yawanci ba a biyan ko kwabo. Ku zauna gaba, ku yi tambaya, gama matambayi ba ya ɓata.

Sai mako mai zuwa, mu kwana lafiya.