Kalmar Sirri: Makullin da Ya Kamata Yaranmu Su Riƙe

Duk shekara idan lokacin rajistar jarrabawa ya zo, mukan ga ɗalibanmu na Masanawa sun nufi Gwarzo ko Kano cike da murna. Bayan 'yan watanni sai wani ya dawo ido jajur, ya kasa buɗe shafinsa don ya manta kalmar sirri. Wani ma bai taɓa saninta ba, mai shagon intanet ne ya zaɓa masa. Tun daga 2015 ake rubuta jarrabawar JAMB da kwamfuta, kuma daga 2021 sai da lambar NIN ake rajista. Saboda haka wannan darasi ya shafi kowane gida.

Abin ba sabo ba ne. A Littafin Mahukunta sura 12, mutanen Gileyad sun tsare mashigin Kogin Urdun da kalma guda, wanda ya kasa faɗinta daidai bai haye ba. A kwamfuta kuwa, Fernando Corbató da abokan aikinsa a jami'ar MIT ta Amurka suka fara amfani da ita a farkon shekarun 1960, domin mutane da yawa suna aiki da na'ura ɗaya.

Me ke sa kalma ta yi ƙarfi? Tsawo. Lambobi huɗu iri 10,000 kaɗai ake iya jerawa, kwamfutar ɓarawo ta gama gwada su kafin a ƙifta ido. Ƙananan haruffa takwas kuwa sun haura iri biliyan 208, kuma kowane harafi da aka ƙara yana ninka aikin ɓarawo sau 26. Amma idan yaro ya sa sunansa, ko shekarar haihuwarsa, ko 123456, ba a bukatar wannan lissafi. Da su ake fara gwaji.

Ga yadda muke koya musu:

1. Yaro ya ƙago jimla daga rayuwarsa, wadda za ta ba shi dariya. Misali: AkuyaTaCiDamiBakwai7. Wannan misali ne kawai, kada kowa ya ɗauka. A guji karin magana, gama kowa ya san ta.

2. A bar haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ da ƙ. Ba kowace kwamfuta za a same su a kai ba.

3. Imel da shafin jarrabawa kowanne da kalmarsa. Makulli ɗaya ga ɗakuna biyu, asara biyu ce.

4. Ya buga ta da hannunsa, ya maimaita kullum har mako guda, kamar haddar jadawalin sau.

5. A rubuta ta a ƙaramin littafi, Baba ko Mama su adana tare da takardar haihuwa. Ban da bangon littafin aji.

6. A kula da layin wayar da aka yi rajista da shi, domin ta nan saƙonni suke zuwa.

Ya ku ɗalibai, aboki na ƙwarai ba zai tambaye ku kalmar sirri ba. Wanda ya bugo waya yana nemanta, ko da sunan wace hukuma, ku kashe ku gaya wa malami. In kun yi aiki a shago, ku fita daga shafinku kafin ku tashi.

Iyaye kuma, ko ba mu iya kwamfuta ba, ai mun iya ajiya. Mu zauna da yaranmu a wannan hutu mu yi wannan aiki tare. Rigakafi ya fi magani.