Kiwon Tsohon Kare da Tsohuwar Kyanwa

A darasin kiwon dabbobi mun saba jin labarin shanu da dawaki da tumaki, domin su ne dukiya. Kare da kyanwa kuwa ba safai a ke ambatonsu ba, balle in sun tsufa. Amma karen da ya shekara 8 yana gadin garke, da kyanwar da ta tsare rumbu daga ɓeraye tun tana ƙarama, sun yi aikin da ya isa a dube su sa'ad da ƙarfinsu ya fara ja da baya.

Abu na fari da ya kamata mu gane shi ne, tsufa dabam, ciwo dabam. In kare ya daina tashi da hanzari, ko kyanwa ta rame, sai mu ce, "Ai tsufa ne," mu kau da kai. Sau da yawa kuwa ciwo ne wanda da an tare shi da wuri da an sami sauƙinsa. Dabbobin nan ba su da bakin faɗa, kyanwa ma halinta ne ta ɓoye ciwonta har ya ci ƙarfinta. Babban kare ya kan shiga tsufa tun yana shekara 6 ko 7, ƙaramin kare ya kan ɗan jinkirta, kyanwa kuwa sai wajen shekara 10, ta kan ma kai 15 ko fiye in ta sami kulawa. In sun kai haka, likitocin dabbobi sun fi so a kai su a duba sau 2 a shekara, ko da ba a ga kome ba, gama wata 6 ya isa ciwo ya kafu a jikin tsohuwar dabba.

To, likita yana nesa, mai gida ne kusa. Saboda haka ko wane mako mu shafa jikin dabbar da hannu tun daga kai har wutsiya. Haƙarƙari ya kamata a ji shi a hannu, ba a gan shi a ido ba. In ya fito fili an rame, in ya ɓace cikin kitse an yi ƙiba, duka biyu ba alheri ba ne. Mu cire kaska daga kunne da tsakanin yatsu, mu lura da ko wane ƙullutu, musamman a nonon karya. Sa'an nan mu ɗaga leɓe mu dubi dasashi. Na mai lafiya ja-ja ne, in ya yi fari jini ya ragu, watakila kaska ce ko tsutsar ciki. Wari mai ƙarfi da ƙazanta a gindin haƙora alamar ciwon baki ne, shi ne kuwa ya kan sa tsohon kare ya tsaya kan abinci yana kallo, mu ce ya ƙoshi.

Abin da mu ka ga ya fi dukan waɗannan amfani shi ne lura da kaskon ruwa. Ƙoda ita ce ke tace jini, ta fid da dauɗa cikin fitsari, ta mai da ruwan kirki jiki. In ta fara lalacewa sai ta kasa riƙe ruwan, fitsari ya yawaita, ƙishirwa ta ƙaru, jiki ya dinga zubewa sannu sannu. Wannan ciwo yana cikin waɗanda su ka fi kama tsofaffin kyanwoyi. Ba ya warkewa, amma in an gane shi da wuri a kan jinkirta shi da irin abincin da likita zai faɗa. Ciwon sukari ma haka ya ke farawa. In kuwa karya ce ta kama shan ruwa da kasala 'yan makonni bayan lokacin barbararta, to, mai yiwuwa mugunya ce ta taru cikin mahaifa, wannan ba ya jiran gobe, sai aikin likita. Kada dai a rage wa dabba ruwa don ta cika fitsari.

Wajen ciyarwa, saura da mu ke zuba musu yana da haɗari in miyar ta sha albasa ko tafarnuwa, domin su kan lalata jinin kare da kyanwa. Mafi muni shi ne maganin mutane. Wani don tausayi ya kan ba kyanwa Panadol, alhali ƙwaya guda ta isa ta kashe ta. Kare mai ciwon gaɓoɓi a shimfiɗa masa buhu da hunturu, a ba shi inuwa da bazara, a riƙa fita da shi tafiya kaɗan kullum. Kyanwar da ta zama kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi, a duba faratanta, gama in ta bar wasa su, su kan lanƙwashe su shige dagi.

Saura allurar haukan kare. Tun shekarar 1885 Louis Pasteur na ƙasar Faransa ya fara yi wa mutum rigakafin wannan ciwo, a Nijeriya kuma ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda a ka kafa a 1924, tana haɗa allurar karnuka. Tsufa ba ya hana kare ko kyanwa kamuwa, saboda haka a sabunta musu allura duk lokacin da likita ya yanka. Mu da za mu fita koyarwa, mu gaya wa yaranmu kada su tsokani tsohon kare, domin wanda ji da gani su ka ragu gare shi yana saurin firgita ya kai cizo. In ya ciji yaro, a wanke wurin da sabulu da ruwa har minti 15, a kai shi asibiti a ranar.