Likitar Da Ta Share Wa Iyaye Hawaye

A gidanmu akwai ɗan kawuna, yaro mai shekara shida. In ka kira sunansa ba ya waiwayowa, ga shi kuwa kunnensa lafiya lau. Yakan wuni yana jera marafen kwalba, in injin niƙa ya tashi sai ya toshe kunne yana kuka. Waɗansu suka ce iska ce, waɗansu suka ɗora wa uwarsa laifi. Da aka kai shi asibiti, likita ya ce lalura ce da Turawa ke kira otizim, wadda waɗansu Hausawa ke ce wa galahanga. Wannan ya sa na shiga karance-karance, har na ci karo da labarin Dokta Lorna Wing.

An haife ta a Ingila a 1928, ta zama likitar ƙwaƙwalwa. A 1956 ta haifi 'ya mace, daga baya aka gane yarinyar tana da wannan lalura. A lokacin, likitoci suna bin bayanin Leo Kanner na Amurka, wanda ya rubuta labarin yara 11 a 1943. Sun ɗauka ba safai ake samunta ba. Abin baƙin ciki kuma, waɗansu masana suna cewa rashin ƙaunar uwa ke kawo ta. Dokta Wing ta san tana ƙaunar 'yarta, saboda haka ba ta yarda ba. A 1962 ita da waɗansu iyaye suka kafa ƙungiyar taimakon irin waɗannan yara a Ingila.

Amma musu da baki ba ya kashe magana a wurin masana, sai da hujja. Ita da abokiyar aikinta Judith Gould suka yi bincike a Kambawel, wata unguwa a Landan mai yara wajen 35,000, suka buga sakamakon a 1979. Sun tarar yaran da suka dace da bayanin Kanner wajen 5 ne cikin 10,000. Amma da suka haɗa da masu alamun lalurar ta waɗansu fuskoki, sai adadin ya kai wajen 20 cikin 10,000. Watau yara da yawa an bar su ba taimako, don kawai ba su shiga ma'aunin da aka ajiye ba.

Sun kuma nuna abubuwa uku da za a lura da su: wahalar cuɗanya da mutane, wahalar sadarwa ta magana ko ta ishara, da ƙarancin wasan kwaikwayo irin na yara, tare da maimaita abu ɗaya kullum. Daga nan Dokta Wing ta ce lalurar hawa-hawa ce, kamar launukan bakan gizo. Wani ba ya magana sam, wani kuwa yana iya zuwa jami'a. A 1981 ta fito da aikin Hans Asperger, likitan Ostiriya, wanda ya rubuta da Jamusanci a 1944, masu karatun Ingilishi kaɗan ne suka san shi.

Yaya za mu auna tasirin mai bincike? Malaman jami'a sukan ƙirga sau nawa aka ambaci aikinsa cikin littattafai. A 2013, babban littafin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya haɗa nau'o'in lalurar ƙarƙashin suna ɗaya, bisa wannan ra'ayi na hawa-hawa. Ta rasu a 2014, ta riga ta ga amfanin shukarta. Ni kuwa ma'aunina shi ne matar kawuna, wadda ta daina zargin kanta tun ranar da likita ya ce mata ba laifinta ba ne.

Iyayenmu, in kun ga irin waɗannan alamu, ku kai yaro asibiti da wuri, kada a ɓoye shi a ɗaki. 'Yan'uwana ɗalibai, kada mu tsokane su ko mu kira su wawaye. Rashin sani ya fi dare duhu. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.