Giya ko Wiwi: Amsar da Direban Tirela Ya Samu a Rediyo

Wasiƙar farko a shirin lafiya na daren Laraba ta fito ne daga wani direban tirela mai jigila tsakanin Kano da Legas. Ya ce shi ko kusa da giya ba ya zuwa, sai dai yakan ɗan busa ganye kafin ya ɗau hanya, don yana sa shi natsuwa. Ashe bai fi abokan aikinsa masu kurɓar ogogoro a tasha ba?

Mai gabatar da shirin ba ta tsaya yi masa wa'azi ba. "Malam direba, in dai alƙaluman haɗari za a bi, giya ce a gaba," in ji ta. Ta kawo binciken da hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ta fitar a 2015. Direban da barasa ta kai kashi 0.05 cikin ɗari a jininsa, wato iyakar da dokar Najeriya ta gindaya, yiwuwar ya yi haɗari ta ninka sau biyu. A 0.08 ta kusa ninki huɗu, a 0.15 kuwa wajen ninki 12. Na wiwi bai kai nan ba: yawancin bincike na nuna ƙarin yana farawa daga ɗan kaɗan, ya tsaya a wajen ninki biyu.

Da a nan ta tsaya, da direban ya kwana da murna. Sai ta koma kan natsuwar da yake taƙama da ita. Mashayin giya, in ji ta, ji yake hanyar tasa ce, ya take totur, ya sha gaban kowa ko a kan kwana. Mai wiwi yakan rage gudu, ya bar tazara, domin ya san ba daidai yake ba. Amma motarsa tana yawo a cikin layi, kuma da akuya za ta faɗo titi ko motar gaba ta ci burki, kafin ƙafarsa ta bar totur aikin gama ya gama. Tirela mai ɗauke da siminti kuwa ba ta tsayawa nan take.

Wata mai sauraro daga Zariya ta tambayi dalilin da ya sa jami'an kiyaye haɗurra ba sa gwada masu wiwi kamar yadda ake sa mashaya su hura na'ura. Amsar ita ce barasa tana fita a numfashi gwargwadon yadda take a jini. Sinadarin wiwi kuwa, THC, maƙalewa yake a kitsen jiki, har a gan shi a fitsari bayan kwanaki, alhali mayen ya daɗe da sakin mutum. Shi ya sa tun 2015 'yan sandan Ingila ke gwada yawu a bakin titi, sannan a tabbatar da gwajin jini.

Inda muryar mai gabatar da shirin ta yi kauri shi ne kan masu haɗa biyun, domin ko giyar kaɗan ce, tana rushe ɗan taka-tsantsan ɗin da mai wiwi ke yi. Kuma ba tsiraru ake magana a kai ba: binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ƙiyasta masu shan wiwi a Najeriya sun kai miliyan 10.6.

Ta shaida wa direban cewa mayen hayaƙin kan ɗauki awa uku zuwa huɗu, wanda aka ci a abinci kuma ya fi haka daɗewa. Ta kuma tuna masa cewa ko motar a fake take, samun ganyen a aljihunsa kaɗai ya isa jami'an hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA su tafi da shi.